Leica da aikin dare: amsar tambayarka ta jiya

Ɗana, jiya a shago ka nuna mini hotunan da aka ɗauka da kyamarar Leica M11, ka ce shin idan mutum ya mallaki irinta ya rabu da wahalar ɗaukar hoton dare ke nan? Lokacin akwai masu jiran hoton fasfo, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna. Bai rabu da ita ba, amma akwai abin da za ta sauƙaƙa masa, kuma ina so ka san ko mene ne kafin ka sa rai.

Fara da yadda take gani. Kyamarorin da ka saba da su, idan ka leƙa, ta cikin lensi kake kallo. Wannan ba haka take ba. Tana da taga tata daban ta gilashi garau, da wata 'yar taga a gefe. A tsakiyar abin da kake gani akwai ɗan murabba'i mai haske, inda abu zai bayyana maka biyu. Kai ne za ka murɗa lensi da yatsa har biyun su hau kan juna su zama ɗaya, to a nan saiti ya zauna. Da wannan dabarar ta auna nisa kamfanin Leica na Jamus ya fito da M3 a 1954, kuma har M11 da ta fito a 2022 bai sauya ta ba. Babu injin da zai nemo maka idon mutum.

Da dare wannan yana da daɗi, yana kuma da wuya. Daɗinsa shi ne tagar ba ta dushewa, abin da idonka ya gani shi za ka gani, har da wanda yake shirin shigowa cikin hoton daga gefe. Wuyarsa kuwa, ɗan murabba'in nan yana buƙatar layi ko gefe mai kaifi. Ka je teburin mai shayi a Birnin Kebbi bayan isha'i, ƙwai ɗaya na sola yana rataye a sanda, mutane shida a benci. Idan ka ɗora murabba'in a kumatun mutum ba za ka ga komai ba, duhu ne kan duhu. Sai ka nemi bakin hularsa, ko aikin wuyan rigarsa, ko ɗan ƙyallin da ƙwan ya bari a ƙwayar idonsa. Wannan ƙyallin na fi so, domin idan ya haɗe ya zama ɗigo ɗaya, ido ya fito ke nan.

Kuma ba ka da sararin kuskure. Lensi mai milimita 50, ka buɗe ƙofar haskensa sosai zuwa f/1.4, mutum yana nisan mita 2 daga gare ka, abin da zai fito tar bai wuce kimanin santimita 13 ba, ko taƙi ɗaya bai kai ba. Ya sunkuya ya kurɓi shayi, ya fita daga saiti. Shi ya sa nake ba ka shawarar milimita 35 a aikin dare, ya fi haƙuri da hannun mai koyo. Za ka ji ana zuzuta lensin Leica mai suna Noctilux mai f/0.95. Haske kam yana sha, amma yankin da yake fitarwa ya ma fi ƙanƙanta, ga nauyi, ga tsada.

Abin da ya canza da gaske shi ne sensa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara. M11 tana da megafiksil 60, ISO ɗinta, wato ƙarfin jin haskenta, daga 64 har 50,000. Kada lambar ƙarshen nan ta ruɗe ka, an rubuta ta ne don a san tana kaiwa can, amma hoton da edita zai karɓa yana ƙasa da haka sosai. Duk da haka ci gaba ne babba. A zamanin M9 ta 2009, ISO yana tsayawa ne a 2500, kuma tun kafin ka kai can hoto ya fara yin tsaki-tsaki. M8 ta 2006 kuwa tana da wata larura da ta shafe mu kai tsaye: baƙin yadi na roba yakan fito shunayya saboda wani haske da ido ba ya gani amma sensa tana kamawa, sai an ɗaura wa lensi matacin gilashi. Ka duba yawan baƙin hijabi da abaya a kowane taro namu. An gyara wannan tuni, na kawo maka shi ne don ka riƙa gwada sabuwar kyamara a kan mutanenmu da tufafinmu kafin ka yarda da hoton talla.

Babban gwajin ma shi ne baƙar fata cikin farar shadda. A wurin tafsiri ko ɗaurin aure na dare, ma'aunin kyamara yana ganin farin kaya sai ya rage haske, fuska ta nutse. Ka ƙara don fuska, riga ta ƙone ba zare ba aiki. Sensar yanzu tana riƙe bayanin da ke cikin inuwa fiye da da, saboda haka ka auna don kada riga ta ƙone, ka ɗauka a DNG, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba, ka ɗago fuskar a kwamfuta daidai gwargwado. Ɗagowa kawai, ba ƙari ba ragi, aikin jarida muke yi.

Akwai abubuwan da ba za ta ba ka ba sam. Ba ta da abin hana rawar hannu a jikinta, kuma megafiksil 60 ba ya ɓoye ko ƙaramar girgiza, don haka kada saurin ƙyauren kyamara, mai buɗewa haske ya shiga, ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa idan mutane suna motsi, ka jingina da bango ko gindin bishiya, ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari. Ba ta ɗaukar bidiyo, alhali yau duk edita sai ya nema. Lensinta mafi tsawo milimita 135 ne, wato a bikin kamun kifi na Argungu, kana bakin Matan Fada masunta suna tsakiyar ruwa da goruna, ba ita za ka ɗauka ba. A filin dambe da dare kuma Sony ko Canon ko Nikon na zamani, masu bin ido da kansu, za su ba ka hotuna masu kyau fiye da ita nesa ba kusa ba. Idan fitilar wurin LED ce mai araha a kan janareta, ka bar ƙyauren lantarki ka koma na ƙarfe, in ba haka ba zane-zane za su ratsa hoton.

To me ya sa nake girmama ta? Saboda ƙanƙantarta da rashin hayaniyarta. A sansanin waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu, ko a ɗakin marasa lafiya, mutum yana cikin halin da ba ya son a haske shi da filasha ko a nuna shi da dogon lensi. Ka yi sallama, ka nemi izini, ka zauna kusa, ba a jima ba an manta da abin da ke hannunka. Rabin fuskarka ma a buɗe take, suna ganin wanda yake kallonsu. A irin wannan wurin ba na ganin akwai wadda ta fi ta.

Sai batun aljihu. Da ta fito, jikinta kaɗai ba lensi ya kusan dala 9,000. Na'urar auna nisan kuwa ƙananan madubai ne da wani ɗan hannu a ciki, jijjigar babur a hanyar ƙauye ko faɗuwa ɗaya tana iya gusar da ita, ka riƙa ganin saiti ya zauna alhali hoto yana fitowa dishi-dishi. Gyaranta sai ƙwararre, galibi sai an tura ta waje, kai kuma aiki ba ya jira. Ban yarda ka sayar da komai naka don ita a yanzu ba.

Ga abin da za ka yi daga daren yau. Ɗauki tsohuwar kyamarar shago, sa mata lensin nan mai milimita 35, kashe saitin kai-da-kai, bar filasha a durowa. Je wurin mai tsire, ka gaishe shi, ka faɗa masa abin da ya kawo ka. Ka lura ta ina hasken garwashi yake bugun fuskarsa, ka tsaya ta wannan gefen, ka jira ya ɗago kai. Gobe ka kawo mini katin mu duba tare, ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda suka lalace.