Filin Tambayi Likita: Haƙoran Ɗiyata Sun Turo Gaba, a Goge Su Ko a Jira?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mazauniyar wani ƙauye ce a ƙaramar hukumar Ringim. Ɗiyata mai shekara 9 haƙoranta na sama sun turo gaba har leɓenta ba ya rufe su, haɓarta kuma kamar ta ja baya. Ta daɗe tana tsotson babban yatsa, sai bara ta daina. Surukata ta ce a ƙyale ta, in ta girma za su zauna, wani mai sa haƙorin Makka da ke zuwa kasuwarmu kuma ya ce zai goge mata su su rage tsawo. Wace shawara zan bi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Maganar gogewa ki rufe ta tun yanzu. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ba ya sake tsirowa, kuma a haƙorin yaro da bai daɗe da fitowa ba jijiya tana kusa da saman haƙorin ƙwarai, don haka abin da gugar za ta haifar shi ne tsamin haƙori idan ta sha ruwan randa, wani lokaci har jijiyar ta mutu. Tsawo ma ba shi ne matsalar ba, karkatar haƙoran ce da zaman muƙamuƙi.

Surukarki tana da gaskiya ta wani ɓangare. Yaron da ya bar tsotson yatsa kafin ya fara famfara, sau da yawa haƙoransa sukan daidaita da kansu. Amma ɗiyarki ta kai shekara 8 tana yi, haƙoran girma sun riga sun fito a karkace, kuma abin da kika faɗa game da haɓarta yana nuna cewa wataƙila muƙamuƙin ƙasa ne bai kamo na sama ba, wanda galibi gado ne, jira kaɗai ba ya gyara shi. Tun a 1899 wani likitan haƙori a Amurka, Edward Angle, ya kasa rashin daidaiton cizo gida uku, bisa yadda turmin farko na sama yake haɗuwa da na ƙasa. Wannan turmi yana fitowa ne wajen shekara 6 a bayan haƙoran yarinta ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa iyaye da yawa suke sakaci da shi suna zaton zai canza. Bayaninki ya yi kama da kashi na biyu, inda na sama suka wuce na ƙasa. Ki sa ta haɗa turamenta, ki dube ta ta gefe: tazarar da aka saba gani tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa milimita 2 zuwa 3 ce, idan kuwa kan ɗan yatsanki yana shiga tsakani, ta wuce ƙima.

Batun lokacin fara gyara shi ne masana suka daɗe suna gardama a kai. An gudanar da manyan gwaje-gwaje a Jami'ar North Carolina ta Amurka da kuma a Birtaniya, aka raba yara, wasu aka fara musu tun suna da shekara 8 zuwa 10 da wata na'ura da ake sawa a baki tana turo muƙamuƙin ƙasa gaba, wasu kuma aka jira sai da suka fara tasawa. Da aka kammala, zaman muƙamuƙin duka biyun ya zo kusan ɗaya, sai dai waɗanda aka fara wa da wuri sun fi daɗewa suna zaryar asibiti. Ribar farawa da wuri ita ce raguwar karyewar haƙoran gaba, domin haƙorin da leɓe bai rufe ba shi ne yake fara cin ƙasa idan yaro ya faɗi, sannan yaran da ake yi wa tsokana sun sami sauƙin zuciya. A ganina, ga iyalin da kuɗin mota ma abin lissafi ne, jira zuwa shekara 11 ko 12 ba laifi ba ne, matuƙar likita ya gan ta yanzu, ya ɗauki hoton ƙashi, shi ya yanke lokacin. Idan tana kwana da baki buɗe tana minshari, ki faɗa masa, don toshewar hanci ma tana da hannu a irin wannan.

Ki kuma san nauyin da ke cikin aikin. Wayar da ake ɗaura wa haƙori don daidaita shi tana matsa shi ne a hankali, ƙashin da ke gabansa yana narkewa, sabo yana ginuwa a bayansa, kuma tafiyar ba ta cika wuce milimita 1 a wata ba, don haka aikin yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa duk bayan mako 4 zuwa 8. A tsawon lokacin babu shan rake, babu gaigayar goruba, kuma asuwaki kaɗai ba zai isa ba sai da buroshi da man goge baki safe da dare. Bayan an cire wayar akwai abin riƙe haƙora da za ta riƙa kwana da shi, in ba haka ba sai su koma gidan jiya. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen haƙori, kuma babban asibitin da ya fi kusa da ke zai iya ba ki takardar turawa.

Tambaya: Likita, ni manomi ne daga yankin Ɗambatta, shekarata 52. An cire mini turame biyu na ƙasa a gefen dama shekarun baya, yanzu na sama ya zubo cikin giɓin, muƙamuƙina kuma yana ƙara idan ina tauna. Sai na sa na roba?

Amsa: Malam, haƙora suna tsayuwa ne da jingina da juna, kamar dangar da aka zare wa dirka: na gefe su kwanta cikin giɓin, na sama kuma da ya rasa abokin karo ya yi ta saukowa. Ana cike giɓi da haƙorin roba da ake cirewa a wanke, ko wanda ake maƙalawa a jikin na gefe, ko kuma dashe, wato a kafa ƙusar ƙarfen titaniyam a ƙashi, hanyar da Farfesa Brånemark na Suwidin ya fara yi wa mutum a 1965. Dashe ya fi ƙarko, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana buƙatar isasshen ƙashi, wanda yake zaizayewa bayan cire haƙori. Binciken Käyser na ƙasar Holan a 1981 ya nuna cewa haƙora 20, na gaba da ƙananan turame, suna wadatar da yawancin mutane wajen tauna, saboda haka ba kowane giɓi ne dole a cike ba. Naka dai yana buƙatar a duba, tunda na sama ya fara sauka, kuma idan ya cinye gurbin sai an fara gyara shi kafin na roba ya shiga.

Ƙarar muƙamuƙi da ba ta tare da ciwo ba ta cika buƙatar magani ba, kuma bincike bai nuna cewa goge haƙora don rage musu tsawo yana kawar da ita ba. Ka rage cin goro, ka bar tauna abu mai tauri na ɗan lokaci. Idan bakin ya fara ƙin buɗewa sosai, ko ciwo ya taso a gaban kunne, kada ka jira sai an gama girbi, ka je a duba ka.