Tambaya da Amsa: Shin mai ciwon suga zai iya cin inabi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma duk wanda ya zo dubiya sai ya riƙo mata inabi, ana cewa yana wanke jini. Shin hakan gaskiya ne, kuma ya dace ta riƙa ci? Daga wata mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malama, Allah ya ba Hajiya lafiya. Inabi abinci ne mai kyau, amma tace jini aikin hanta da ƙoda ne, babu ɗan itacen da zai yi musu shi.

A cikin giram 100 na ɗanyen inabi, kusan giram 80 ruwa ne, shi ya sa yake sanyaya rai a zafin bazarar Sakkwato. Akwai kalori kusan 69, da bitamin K, da sinadarin fotasiyam kimanin miligiram 190, wanda ke taimakawa wajen daidaita hawan jini. Ɓawon baƙin inabi da na ja yana ɗauke da sinadarin resberatirol, wanda masana ke nazarin amfaninsa ga jijiyoyin jini, sai dai abin da mutum zai samu daga 'yan ƙwayoyi kaɗan ne ƙwarai, ba zai taɓa maye gurbin maganin da likita ya rubuta ba.

Inda ya kamata ki sa ido shi ne zaƙinsa, domin giram 100 ɗin nan yana ɗauke da suga kimanin giram 15, kuma inabi abu ne da hannu ba ya gajiya da ɗauka ana cikin hira. A ƙirga mata ƙwaya 10 zuwa 15, a wanke su sosai, ta ci da ɓawonsu, a raba sauran ga mutanen gida, sannan a gwada suganta bayan awa biyu don a ga yadda jikinta ya karɓa. Ruwan inabi na kwali da zabibi kuwa gara ta haƙura da su, saboda sugan zabibi ya kai kusan ninki huɗu na ɗanye. Idan kuma ciwon ya taɓa ƙoda, kada ta ci sai da izinin likita, domin yawan fotasiyam yana cutar da mai ciwon ƙoda.

Ga tsadar inabi a kasuwa, ni da masu dubiya za su ji shawara, da gwaiba suka riƙo mata, wadda ta fi shi bitamin C nesa ba kusa ba, kuma suganta bai kai nasa ba.