Tambaya da Amsa: 'Yata Za Ta Karatu a Rouen, Wane Irin Gari Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Agege. 'Yata ta samu gurbin karatu a wani garin Faransa wai shi Rouen. Ni da babanta mun amince, amma hankalina bai kwanta ba, don duk wanda na tambaya Paris kaɗai ya sani. Ƙauye ne? Me za ta gani, me kuma za ta ci a can?
Wata uwa, Agege, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ta lafiya, ya dawo miki da ita da abin da ta je nema.

Ki kwantar da hankalinki, ba ƙauye ba ne. Rouen shi ne babban birnin yankin Normandi, kamar awa ɗaya da rabi a jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare ta Paris. Mutanen cikin gari sun ɗan haura dubu 110. Jami'ar tana kan tudu, a Mont-Saint-Aignan, inda za ta riƙa hango garin gaba ɗaya a ƙasa.

Kogin Seine ne ya yi garin nan. Ya ratsa tsakiyarsa, kuma yana da zurfin da manyan jiragen teku ke hawowa kusan kilomita 120 su tsaya a bakin gari. In kin san yadda Apapa take ga Legas, to haka tashar Rouen take ga manoman alkamar Faransa: rumbuna dogaye a jere bakin ruwa, ana loda hatsi zuwa Maroko da wasu ƙasashen Afirka. Ta wannan kogin mayaƙan Viking, mutanen arewacin Turai, suka shigo da kwale-kwalensu, har sarkin Faransa ya gaji da yaƙi ya ba shugabansu Rollo yankin nan a shekarar 911. Wani daga zuriyar Rollo, William, shi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma a Rouen ya rasu a 1087.

Ke da kike harkar zannuwa, wannan naki ne: a ƙarni na 18 Rouen garin masaƙa ne da marina, yadin audugarsu ya yi suna sosai. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, wani kaso na yadin nan an kawo shi gaɓar Afirka an musanya da bayi. Ina so yarinyar ta san wannan tana tafiya a titunansu.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Tsohuwar Kasuwa. A nan aka ƙone Jeanne d'Arc da ranta ranar 30 ga Mayu, 1431, tana da shekara 19 kacal, lokacin da garin ke hannun Turawan Ingila. 'Yar ƙauye ce da ta ja rundunar Faransa, aka kama ta, malaman coci suka yi mata shari'a suka ce ta kauce wa addini, aka watsa tokarta a kogi don kada kowa ya samu abin tunawa. A 1456 aka sake duba shari'ar aka wanke ta, a 1920 cocin Katolika ya sa ta cikin waliyyansa. Yau akwai dogon gicciye a daidai wurin, da coci da aka gama a 1979, ga masu sayar da kifi da cuku a gefe suna cinikinsu. Na tsaya a wurin ina tunanin uwarta, wadda ta rayu har ta je da kanta ta nemi a sake shari'ar. Yarinya sa'ar 'yarki, Hajiya.

Daga nan ta bi titin da ba mota, ta wuce ƙarƙashin Babban Agogo, wanda injinsa na 1389 ne, kuma hannu ɗaya gare shi, awa kawai yake nunawa. Gidajen gefen titi na katako ne, wasu sun karkata kamar za su gaisa ta sama. Titin zai kai ta babban coci, mai tsinin ƙarfe mita 151. Daga 1876 zuwa 1880 babu ginin da ya kai shi tsawo a duniya. Bama-baman 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi wa unguwar mummunar ɓarna, abin da ya tsira kuwa suna lallaɓa shi sosai, kuma wannan hali nasu ya burge ni ƙwarai.

Maganar abinci, nan ki ja mata kunne. Shahararren girkin garin agwagwa ce, amma ba yanka ta ake yi ba, shaƙe ta ake don jinin ya zauna, sannan a haɗa miyar da jinin da giya. Kada ta taɓa, ko da abokan karatu sun matsa. Haka ruwan tuffa da ake kira cidre, yana da barasa. Ta karanta kwalba kafin ta sha. Ban da wannan ba za ta zauna da yunwa ba. Akwai Musulmi da yawa daga Aljeriya da Maroko da Senegal, akwai masallatai, kuma in ta tsallake gada zuwa unguwar Saint-Sever za ta samu mahautan halal da shagunan kayan miyar Afirka.

Roƙona ɗaya gare ki: kada tsoronki ya sa ki hana ta fita, ta ƙare shekarunta tsakanin aji da ɗaki da waya. Ta nemi ƙawa mai hankali su zaga garin da ƙafa. Ki sa mata yaji da kuka da kuɓewa busasshiya a jaka, ki saya mata takalmi mai rufi da rigar sanyi mai kauri tun daga nan. Lema kuwa ta saya can, mai ƙarfi, don ruwan Normandi ba ya jiran damina.