Shin Doka Ce Ta Tilasta Sauya Kamannin Klingon a Star Trek: Discovery?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina bin Star Trek, shirin almarar sararin samaniya, amma da na fara kallon Discovery sai na kasa gane 'yan Klingon, ƙabilar mayaƙa ta wata duniya a cikin labarin, domin babu gashi a kansu, ƙoƙon kan ya yi tsawo, har fatarsu ta sauya. Wani bidiyo a YouTube ya ce doka ce ta tilasta wa masu shirin su sauya komai da kashi 25 cikin 100 saboda ba su da cikakken haƙƙin mallaka, don haka wai shirin jabu ne. Abin ya dame ni har na daina kallo. Gaskiya ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ba gaskiya ba ne, kuma tun da ka ce har ka daina kallo saboda wannan magana, zan tsaya a kanta sosai, domin babu jita-jitar da ta ɓata muhawarar masoya wannan shiri kamar ita.

Sauyin da ka gani zaɓi ne na masu shirin. Bryan Fuller, wanda ya ƙirƙiro Discovery tare da Alex Kurtzman, shi ne ya nemi a sake fasalin Klingon tun daga tushe, har da cire musu gashi, sannan Neville Page da Glenn Hetrick suka tsara fuskokin. Fuller ya sauka daga jagorancin shirin a Oktoban 2016, bayan saɓani da CBS, kamfanin talbijin da ya yi shirin, kan kasafin kuɗi da lokacin kammala aiki da alƙiblar labarin, sai Gretchen Berg da Aaron Harberts suka gaji aikin da aka riga aka yi nisa a kansa. Aka fara nuna shirin a Satumban 2017 da waɗannan fuskoki. Akwai rigima ta gaske a nan, amma ta marubuta ce da furodusoshi da masu zane, ba ta lauyoyi ba.

To, daga ina kashi 25 ya fito? A ƙarshen zangon farko, cikin Fabrairun 2018, an nuna jirgin sararin samaniya na Enterprise da kamanni da suka ɗan bambanta da wanda Matt Jefferies ya zana a shekarun 1960. Bayan 'yan watanni, John Eaves, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi sabon zanen, ya ambata a Facebook cewa an umarce su da su bambanta shi da kusan kashi 25. Maganar a kan jirgi guda ce, ba a kan Klingon ba. CBS ta fito fili ta ce tana da haƙƙin amfani da tsohon zanen, babu dokar da ta tilasta mata sauya shi, kuma an sauya ne don ya dace da fasahar hoto ta 2018. Da masu bidiyon nan masu gaskiya ne, da maganar ta mutu a nan. Sai suka haɗa ta da wani batu na daban, wato rabuwar CBS da Viacom a ƙarshen 2005, wadda ta bar shirye-shiryen talbijin a hannun CBS, finafinan sinima kuma a hannun Paramount, suka ƙulla labarin wani lasisi na ɓoye wanda har yau babu wanda ya nuna takardarsa.

Ka yi wa maganar tambayoyin da mai hankali zai yi mata. Discovery shirin talbijin ne, CBS ce ta yi shi, kuma a lokacin ita ce ke riƙe da Star Trek na talbijin. Wa zai ba ta lasisin abin da yake nata? Da wane ma'auni ake auna kashi 25 na goshi ko na hanci? Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ba ta san wani kaso da idan ka sauya shi aikin wani zai zama naka ba. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko ayyukan biyu sun yi kama ta ainihi. Sannan a 2019, a zango na biyu na Discovery ɗin kansa, an saka hotunan "The Cage", shirin gwaji na farko na shekarun 1960, yadda suke. A Disambar wannan shekarar CBS da Viacom suka sake haɗewa, a 2023 kuma shirin Star Trek: Picard ya dawo da Worf, wanda ɗan Klingon ne, da jirgin Enterprise-D da kamanninsu na da. Duk da haka masu yaɗa zancen ba su janye ba, domin fushin masu kallo ne ke kawo musu kuɗin talla. Illar kuwa a kan ma'aikata take sauka, masu zane da 'yan wasa da ake zagi a intanet kamar sun yi damfara, alhali aikin da aka ba su suka yi.

Ka kuma tuna cewa ba wannan ne karo na farko ba. Klingon na 1967 goshinsu a shafe yake, fenti ne da gemu kawai. A fim na 1979 aka ba su tudun goshi ba tare da wani bayani ba, mai tsara kwalliya Michael Westmore ya ɗora a kai daga 1987, kuma sai a 2005 shirin Enterprise ya ƙirƙiro labarin wata cuta don ya daidaita kamannin biyu. Fuskar da kake ɗauka ta asali ita ma sauyi ce.

Wannan ba ya nufin ƙorafinka ba shi da tushe. A ganina sauyin 2017 ya wuce gona da iri ta fuskar sana'a: robar fuskar ta yi kauri har ta danne motsin gira da kunci, haƙoran da aka saka sun nauyaya furuci, ga dogayen fitowa da harshen Klingon zalla, sai ɗan wasa ya rasa kayan aikinsa guda biyu, fuska da murya. Ga kuma labarin da aka ce yana faruwa shekaru goma kacal kafin zamanin Kirk, kyaftin na shirin shekarun 1960, wanda ya sa tazarar kamannin ta fi fitowa. Masu shirin sun ji wannan suka. A zango na biyu sun mayar da gashi, suka ce aske kai al'adar lokacin yaƙi ce, suka kuma sassauta kwalliyar L'Rell, wadda Mary Chieffo ta fito a matsayinta. A 2023 shirin Star Trek: Strange New Worlds ya koma kusa da fasalin Westmore. Da doka ce ta ɗaure su, da ba su iya ja da baya haka ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka koma ka kalla, ka yanke hukunci da idonka. In fuskokin ba su yi maka ba, ka soki zanen da hujjar zane, ka ambaci kaurin robar da furucin da ya danne. Idan kuma wani ya sake kawo maka kashi 25, ka nemi ya nuna maka kwangilar ko hukuncin kotun da ya dogara da shi.