Ku Tambaya Mu Amsa: Rainon Kaktus a Cikin Ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyu ke nan da na sayi ɗan ƙaramin kaktus, na ajiye shi a falo, kullum da safe ina ba shi ruwa. Yanzu gindinsa ya yi laushi, ya yi baƙi-baƙi, har yana ɗan wari. Anya zai tashi kuwa? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ruwan nan na kullum shi ya jawo. Kaktus tsiro ne mai ƙaya, ɗan nahiyar Amurka, kuma yawancin ƙananan da ake sayarwa daga busassun wurare irin na Meziko suka samo asali. A jikinsa yake tara ruwa, saiwarsa kuwa siririya ce mai son iska. In ta daɗe cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ta ruɓe, ruɓewar ta riƙa hawa sama.

Ki cire shi yau, kada ki bari sai gobe. Ki riƙe shi da takardar jarida ninki huɗu saboda ƙaya, ki goge reza da sifirit, ki yanke daga saman inda ya yi laushi. Ki dubi bakin yankan da kyau. In kika ga ɗigon baƙi a tsakiya, ki sake goge rezar ki ƙara yankewa, har sai tsokar ta fito tas. Ki ajiye kan a inuwa mai iska kwana 7 zuwa 14, bakin ya bushe ya yi ɓawo. Sannan ki ɗora shi a kan sabuwar ƙasa busasshiya, kada ya ga ruwa sai bayan mako 2. Saiwa takan fito cikin wata ɗaya ko biyu. Amma in ruɓewar ta kai har kai, sai haƙuri.

Ga haɗin ƙasar: yashin rafi mai manyan ƙwayoyi kashi 2, ƙananan tsakuwa ko fasasshen jan bulo kashi 1, ƙasar lambu kashi 1. Ban da laka. Tukunyar ƙasa ta fi ta roba domin tana saurin tsotse danshi, kuma lallai a huda gindinta. Kada faɗinta ya wuce na tsiron da fiye da yatsa biyu, don babbar tukunya ruwa take riƙewa.

Kafin ban ruwa, ki soka tsinken tsire har ƙasan tukunyar. In ya fito da danshi, ki ƙyale shi. In ya fito a bushe, ki zuba ruwa sosai har ya tsiyaye ta hudar, ki zubar da wanda ya taru a faranti. Da bazara tazarar ban ruwan takan kama kwana 7 zuwa 10, da damina mako 2 zuwa 3, da hunturu kuwa sau ɗaya a wata ya isa.

Tambaya: Nawa bai ruɓe ba, amma kansa ya tsuke, ya yi tsawo, ya koɗe. Taki yake so? (Wani mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: A'a, Malam, rana yake nema, taki kuma ƙara lalata shi zai yi, musamman yuriya. Ka mai da shi bakin tagar gabas inda zai sami hasken awa 4 zuwa 6. Sai dai a hankali: awa ɗaya ta hantsi a kwanakin farko, kana ƙarawa har mako 2. Wanda ya saba da duhun ɗaki, in ranar azahar ta buge shi kai tsaye, fatarsa takan ƙone ta bar farin tabo da ba ya gogewa. Wurin da ya tsuke ba zai koma daidai ba, sabon toho ne zai fito da kauri.

Tambaya: Ƙeranar da ake shinge da ita, kaktus ce? (Wani ɗalibi daga Gusau)

Amsa: Kama ce kawai. Ƙerana da tinya 'yan wani dangin tsirrai ne daban da ake kira Euphorbia. Ƙayar kaktus daga wani ɗan ƙullutu mai kama da auduga take fitowa, su kuwa ba su da shi. In aka karce su sai farin ruwa kamar madara ya fito, mai ƙona fata, mai haɗari ga ido. Kada a ajiye su inda yara ke wasa, in kuma ya taɓa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti.