Tambayoyinku kan Fasaha: Windows ta tashi a Proxmox, amma netwok ya ƙi

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako yawancinsu daga masu kula da saba ne, wato waɗanda ke zuba kwamfutoci da yawa a cikin inji guda. Don mu fahimci juna, injin na ainihi zan riƙa kiransa mai masauki, kwamfutocin da aka ƙirƙira a cikinsa kuma baƙi. Masu tambaya game da wayar hannu su yi mini haƙuri zuwa mako mai zuwa.

Tambaya: Injiniya, barka da aiki. Ina kula da kwamfutocin wata makaranta a Kawo. Mun sayi saba ta hannu, na sa mata Proxmox, manhajar ɗaukar baƙi, na ɗora Windows Server a ciki. Ta tashi lafiya lau, amma babu netwok ko ɗigo, kuma a Device Manager akwai alamar rawaya a kan katin netwok. Da na canza shi daga VirtIO zuwa E1000 sai ya kama aiki. In bar shi haka?

Amsa: Malam, barka kadai. Zai yi aiki a haka, amma ni dai ba zan bari ba.

Ga abin da ke faruwa. Katin E1000 da ka zaɓa babu shi a cikin sabarka. Manhajar QEMU ce ke kwaikwayon wani tsohon katin Intel, ta nuna wa Windows, ita kuwa ta san shi tun da daɗewa, direbansa, wato 'yar manhajar da ke sarrafa shi, na cikinta, sai ta karɓa hannu bibbiyu. Matsalar ita ce duk motsin da Windows ta yi da wannan kati, sai an dakatar da ita, mai masauki ya duba me take nufi, ya fassara, sannan ya miƙa wa katin gaskiya. Kamar ciniki ne da tafinta a tsakani: za a daidaita, amma sai rana ta yi. VirtIO babu wannan rufa-rufar. Baƙuwar ta san ita baƙuwa ce, akwai wani yanki na ƙwaƙwalwa da suka yi tarayya da mai masauki, ta ajiye saƙonni a nan ya kwasa a dunƙule. Shi ya sa ya fi sauri, kuma bai cika wahalar da furosesa ba. Linux na da direbansa a ciki tun 2008. Windows ba ta zuwa da shi, wannan alamar rawaya da ka gani ke nan.

Ka sauke faifan virtio-win na aikin Fedora, kyauta ne. Ka saka shi a matsayin CD na biyu, ka mayar da katin VirtIO, sannan a Device Manager ka nuna wa Windows jakar NetKVM da ke cikin faifan. Ko kuma ka kunna fayil ɗin virtio-win-gt-x64.msi ya zuba dukkan direbobin gaba ɗaya, wannan ya fi sauƙi.

A nan ne mutane ke sake faɗawa rami. A wurin Windows wannan sabon kati ne fil, don haka lambar IP da ka rubuta da hannu tana can maƙale a jikin tsohon da ya ɓace. In ka ga lamba mai farawa da 169.254, ma'anarsa katin ya nemi a ba shi lamba bai samu ba, ya ƙaga wa kansa. Ka shiga View, ka danna Show hidden devices, ka goge tsohon E1000 ɗin da ya dusashe, sannan ka rubuta lambar a sabon. Ranar da ɗalibai hamsin suka zauna gwajin jarrabawa a lokaci guda za ka ga bambancin. RTL8139 da ke cikin jerin kuwa kada ka kalle shi ma, kati ne na megabit 100.

Tunda ka fara, na san gobe za ka so mayar da diski ma VirtIO. Kada ka sauya shi kai tsaye, shuɗin allo za ka samu mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Ka fara ƙara wani ɗan ƙaramin diski na giga 1 irin sabon nau'in, ka tashi Windows ta gan shi ta ɗora direbansa, ka kashe, sannan ka sauya babban, ka gyara jerin tashi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Barnawa nake. An ɗauke wuta kwana biyu, da aka kawo saba ta tashi amma ko baƙuwa ɗaya ta ƙi kunnuwa. Tana rubuta "KVM virtualisation configured, but not available".

Amsa: Ɗan'uwa, ina kyautata zaton ɗan batirin nan ne mai kamar kwabo da ke kan allon injin, CR2032. In ya mutu, da zarar wuta ta yanke BIOS, manhajar farko da ke tayar da injin, zai manta saitinsa ya koma na kamfani, kuma a injina da yawa na kamfanin a kashe yake barin fasahar ɗaukar baƙi da KVM ke buƙata. Duba agogon BIOS, in ka tarar ya koma wata shekara can baya, magana ta ƙare. Ka kunna Intel Virtualization Technology, ko SVM Mode in AMD ce, ka canza batirin. Saƙon zai ba ka zaɓin kashe KVM, wato sashen Linux da ke ba baƙi damar aiki da furosesa kai tsaye, a saitin baƙuwar. Kada ka bi wannan shawara, za ta tashi amma tafiyar hawainiya za ta riƙa yi.

Tambaya: Malam, ina aiki a wani ofis a Unguwar Rimi, XCP-ng muke amfani da shi wajen ɗaukar baƙi, ba Proxmox ba. Muna da tsofaffin Debian guda biyu a yanayin PV. Na mayar da ɗaya HVM sai ta ce babu diskin tashi. Ɗayar kuma na ɗaga ta zuwa Debian 12, ta tashi amma netwok ya ɓace.

Amsa: Malama, cuta biyu ce daban-daban, kowace da maganinta.

Xen, wanda XCP-ng ke zaune a kansa, ya fito daga Jami'ar Kambirij ta Ingila a 2003, lokacin da furosesan Intel da AMD ba su da wata dabara ta ɗaukar baƙi. Sai aka gyara Linux kanta ta riƙa roƙon mai masauki duk wani aiki mai nauyi. Wannan shi ne PV. Da Intel ta kawo VT-x a 2005, AMD ta biyo da nata a 2006, aka samu HVM, inda baƙuwa ke ganin cikakkiyar kwamfuta har da BIOS ɗinta. Yau abin da ake so shi ne a haɗa biyun: a tashi a HVM, diski da netwok kuma su bi ta direbobin PV. Barin tsohon yanayin da kike yi daidai ne, ko Linux ma ta daina ɗaukar PV mai bit 32 tun siga ta 5.9.

To, a PV mai masauki ne ke zura hannu cikin diskin baƙuwa ya ɗauko kanel, wato zuciyar Linux, ya kunna mata. Saboda haka yawancin irin waɗannan tsofaffin ba a taɓa rubuta GRUB, manhajar da ke tayar da Linux, a farkon diskinsu ba, ba su taɓa buƙata ba. A HVM kuwa BIOS zai je nema, ya tarar wayam. Ki mayar da ita PV in har sigarku na bari, ko ki tashe ta da faifan ceto, ki sa grub-pc, ki yi `grub-install /dev/xvda` da `update-grub`, sannan ki sake juyawa. Ki tabbata diskin na da teburin rabo, domin wasu tsofaffin PV ba su da shi, irin waɗannan gara a gina sabuwar baƙuwa a kwashe kaya. Kafin komai ki ɗauki sinafshot, wato hoton diskin da za ki iya komawa gare shi in abu ya ɓaci.

Ta biyun suna ne kawai ya canza. Ki buga `ip a` ta allon konsol, za ki ga katin da kika sani da eth0 ya zama enX0, da babban X, alhali /etc/network/interfaces na nan yana kiran eth0. Ki gyara sunan, ki sake tashi. Daga nan ki gwada `ethtool -i enX0`. In kika taɓa ganin 8139cp ko e1000 a wurin direba a wata baƙuwa, to katin kwaikwayo take ja.

Wannan canjin suna ni ma ya taɓa ci na. Na ƙara wa wata saba katin NVMe da yamma, na kunna, na kama hanyar gida. Ashe ƙarin ya tura lambobin PCI gaba, enp2s0 ya koma enp3s0, gadar vmbr0, wadda baƙi ke bi su fita netwok, na ta jiran katin da babu shi. Shafin sarrafa Proxmox na lamba 8006 ya ƙi buɗuwa, baƙi duka suka yi shiru. Bayan isha'i na hau keke Napep daga Tudun Wada rungume da monita, don gyaran harafi ɗaya.

Tambaya: Injiniya, ƙaramar kwamfutar tebur nake amfani da ita a matsayin saba a shagona da ke Rigasa. In ana kwafar manyan fayil sai netwok ya yanke baki ɗaya, har na ita sabar, ya dawo bayan ɗan lokaci. Na canza waya, na canza suwic.

Amsa: Tunda har mai masauki na yankewa, ka bar baƙi su huta, ba laifinsu ba ne. Ka buga `dmesg` ka nemi layi mai cewa "Detected Hardware Unit Hang" tare da e1000e. Kada ka rikita shi da E1000 na tambayar farko, wannan direban katin gaskiya ne, irin Intel I219 da ke cikin ƙananan injinan ofis da yawa. Katin na sarƙewa ne wajen yanka manyan saƙonni da aka ɗora masa. Ka karɓe masa aikin da `ethtool -K eno1 tso off gso off`, ka sa sunan naka katin a madadin eno1. In yankewar ta tsaya, ka rubuta umarnin a layin post-up cikin /etc/network/interfaces, in ba haka ba, zai goge da zarar an ɗauke wuta.

Tambaya: Zan iya haɗa sabar da MiFi ta Wi-Fi, baƙin su samu intanet ta gada?

Amsa: A'a, Alhaji. Na'urar Wi-Fi na karɓar saƙo ne daga lambar MAC, wato lambar shaidar katin netwok, da ta yi rajista da ita kaɗai, kowace baƙuwa kuwa da tata lambar, sai a watsar da nasu. Ko dai ka yi NAT a kan mai masauki su fita da sunansa, ko ka nemi rauta mai cin sim da ke da ramin waya a bayanta, ka ja waya guda zuwa sabar. Na biyun nake ba ka shawara, za ka same ta a shagunan kwamfuta na titin Ahmadu Bello.