Amsa ga ƙanenmu mai neman shiga lab ɗin famakoloji

Ƙanena, tambayarka ta sosa mana inda ke ƙaiƙayi. Ka ce kana aji uku, kana son sa hannu a binciken magunguna da guba tun kafin furojet, ka tura wa malamai saƙo shiru, ka je ofis an ce ka dawo bayan jarrabawa. Wallahi wannan "dawo gobe" ɗin kusan kowa a nan ya sha ta, kada ka zata kai kaɗai aka raina.

Ka daina gadin ƙofar ofis. Makullin lab yana hannun teknolojis mai kula da gidan dabbobi da 'yan mastas da ke tsakiyar aiki. Mai gwajin kwana 28 kullum da safe sai ya ɗura wa ɓeraye ashirin da wani abu magani, har Asabar da Lahadi, ga awon nauyi duk mako. Mataimaki yake nema ruwa a jallo. Je ka ce za ka wanke keji, ka canza dusar katako, ka riƙe littafin awo. Ranar da ɗalibin malam ya ce "yaron nan ya iya riƙe ɓera", malam zai san sunanka. In lokacin SIWES, wato zuwa koyon aiki a wajen makaranta, ya matso, kai takardarka da wuri cibiyoyin bincike irin su NIPRD ta binciken magunguna da ke Idu a Abuja, suna da sashen famakoloji da ilimin guba, ko NVRI a Vom, ko NITR a Kaduna, ko NARICT a Basawa, Zariya. Ka kuma riƙa bibiyar sanarwar cibiyar bincike da horo ta BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, sukan horar da ɗalibai.

Amma ka ji wannan da kyau tun ba ka taɓa keji ba: ku yi maganar suna. Akwai masu baƙar ɗabi'a, za su bar maka ɓeraye wata guda, kai ne ɗura, kai ne kwasar kashi, kai ne cizo a yatsa, kai ne kuɗin mota ranar Lahadi, shi yana gida yana tambaya ta waya "yau nawa suka mutu?" Ranar da takarda ta fito a mujalla sai ka ga sunan wani abokinsa da bai taɓa shaƙar warin gidan dabbobi ba, kai ko a layin godiya babu ka. Ka yi magana a ce ai koyo ka zo yi. Ka kai ƙara a ce ka cika rashin kunya, ga shi gobe ƙila shi zai zauna a difens ɗinka. Wannan abu yana cin rai, ya sa ɗalibai masu ƙwazo da yawa sun tsani bincike gaba ɗaya, Allah ya isa kawai suke yi su tafi. Don haka ka tambaya cikin ladabi, a gaban sufabaiza in da hali, wane ɓangare ne naka. Ka sayi littafinka, ka rubuta kwanan wata da awon kowace rana da hannunka, ka ɗauki hoton shafin.

Abin da ya fi kashe ɓeraye a hannun sabon shiga shi ne ɗura. In ba ka miƙar da kan ɓeran da wuyansa sun daidaita da jiki ba, bututun zai bi hanyar iska, ka tura maganin cikin huhu. Nan take za ka ga kumfa a hanci, yana haki, cikin mintuna ya tafi, kana tsaye da sirinji hannunka na rawa, kowa ya zuba maka ido. Mafi muni, wani sai ya rubuta wannan a matsayin mutuwar guba, lissafin duka ya lalace. Bututun shi ke zamewa da kansa; ka ji turjiya, zare ka sake. Koyi da ruwa zalla tukuna, teknolojis na tsaye a kanka. Kada abin ɗurawa ya wuce mil 1 ga kowane giram 100 na nauyi, in a ruwa aka narkar ana iya kaiwa 2. Misali, ɓera mai giram 180 da za a ba miligiram 500 a kowane kilo, rabonsa miligiram 90 ne. In haɗinka miligiram 100 ne a kowane mil, mil 0.9 za ka zuƙa. Kafin ɗura, a hana manyan ɓeraye (rat) abinci tun dare, ƙananan nau'i (mice) kuma awa 3 zuwa 4 ta isa, ruwa dai a bar musu.

Wajen auna ƙarfin guba, hanyar Lorke ta 1983 ita za ka fi gani: rukuni uku, ɓera uku-uku, a ba su miligiram 10, 100 da 1000 a kowane kilo. In babu wanda ya mutu, sai ɗai-ɗai a 1600, 2900 da 5000. Idan na 1600 ya rayu na 2900 ya mutu, ka ninka lambobin biyu da juna ka ɗauki tushen murabba'i, LD50, wato adadin da ke kashe rabin ɓerayen, ya kama kusan 2154. Ka karanta ƙa'idojin gwajin guba na ƙungiyar ƙasashe ta OECD masu lamba 423 da 425 ma, a can kwana 14 ake sa ido, domin wata gubar sai daga baya take nunawa.

Au, in aikin ciwon suga ne, aloksan, sinadarin da ake sa wa ɓera ciwon da shi, ba ya jimawa bayan an narkar da shi. Haɗa shi a ruwan gishiri mai sanyi ka yi allurar nan take, yawanci miligiram 150 a kowane kilo. Ka sa musu ruwan gulukos kashi 5 cikin ɗari na awa 24, domin maganin yana fasa ƙwayoyin da ke yin insulin, ya kwararo gaba ɗaya, suga ya faɗi, da safe ka tarar da rabin keji a miƙe. Bayan awa 72 ka auna sugan jini, wanda ya haura 200 mg/dL shi ya kamu.

Kada ka sayi ko ɓera ɗaya kafin takardar amincewar kwamitin kula da dabbobi ta fito, mujallar kirki za ta nemi lambar. Haka ganyen da za ka gwada, kai shi hebariyom, wato ma'ajiyar samfuran tsirrai, a tantance a ba ka lamba kafin ka shanya, a inuwa kuma. Mutane na haɗa tsirrai biyu da suna ɗaya a kasuwa. Bayan jiƙo a metanol na awa 72, busar da shi a zafin da bai wuce digiri 50 ba, ka tabbata warin metanol ya fita sarai, in ba haka ba shi za ka gwada a maimakon ganyen. Ranar ɗibar jini, kwalba mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, ta ƙidayar jini ce, marar komai ta gwajin hanta da ƙoda. Cire allurar kafin ka juye a hankali. In ƙwayoyin jinin suka fashe, AST (awon lafiyar hanta) da fotasiyom za su hau ka zargi ganye a banza. Tsokar hanta a fomalin kashi 10, ruwan ya ninka tsokar sau goma.

In kuɗin ɓera da abincinsu sun fi ƙarfinka, ilimin guba yana da faɗi. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ruwan masana'antun fata na Chalawa a Kano, fiya-fiya da ake zubawa a buhun wake, duk aiki ne da ke jiran mai yi. Gwajin saiwar albasa kusan kyauta ne: jera albasa a bakin kwalabe, gindinta na taɓa ruwan da kake zargi, wasu a ruwa mai tsabta, bayan kwana uku ka auna tsawon saiwa da rula ka kwatanta. In ƙarafa za ka auna da injin AAS, ɗebi ruwan a robar da aka wanke da asid, ka ɗiga asid na naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarfen ya manne a jikin robar kafin layinka ya zo.

Ka faɗa mana jami'arka da sashenka, ƙila cikinmu akwai wanda ke da ɓeraye a keji yanzu haka.